Yayana ya ji rauni a Iraki amma babu Purple Heart a takardarsa ta barin soja, ta ina za mu fara?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara wa yayanki lafiya. Bari in taƙaita abin da kika rubuto saboda masu karantawa su san inda aka dosa. Kin ce yayanki ya yi aiki a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, a 2007 yana Iraki yana tuƙa mota a cikin ayari bam ɗin da aka binne a gefen hanya ya tashi da su, ɓarɓashin ƙarfe ya shige masa hannun hagu, ya ɗan suma, medik ɗinsu, wato sojan da ke ba da agajin farko, ya wanke wurin ya ɗaure, bayan kwana biyu ya koma bakin aiki, ya ajiye kaki a 2010, amma a DD-214 ɗinsa, wato takardarsa ta barin soja, babu Purple Heart, lambar yabon da ake ba sojan Amurka da abokan gaba suka ji wa rauni, babu ma alamar ya taɓa jin ciwo. VA, wato ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka, na biyansa kuɗin nakasa. Wani ya ce muku ai lokaci ya wuce, wani kuma ya ce a ba shi dala 2,000 ya fito muku da ita.

To duka su biyun kar ki saurare su. Lokaci bai wuce ba, ita Purple Heart ba ta da wa'adi irin na sauran lambobin yabo, dokar soja ta AR 600-8-22 ta faɗi ɓaro-ɓaro cewa ana iya bayar da ita ko yaushe in dai an kawo hujja, akwai tsofaffin da suka yi yaƙin Biyetnam da sai da furfura ta cika musu kai sannan aka maƙala musu. Maganar kuɗi kuma, fom ɗin neman lambar kyauta ne, neman fayil ɗinsa kyauta ne gare shi, masu taimakon ma na kyauta suna nan. Ni ba lauya ba ne, na dai yi shekaru a ofishin S1 na bataliya, wato ofishin da takardun kowane soja ke bi ta hannunsa, da na bar aiki kuma na ci gaba da taya tsofaffin sojoji wannan cike-ciken, to da abin da na gani da idona zan ba ki amsa.

Abu na farko da nake so ya zauna miki a kai, wannan lambar ba irin wadda kwamanda ke zaɓar wanda ya burge shi ya ba shi ba ce. Haƙƙi ne, wanda ya cika sharaɗi tasa ce ko oga na sonsa ko ba ya sonsa. Asalinta tun 1782 ne George Washington ya ƙirƙiro wata lamba ta ƙyalle mai siffar zuciya, aka manta da ita, sai a 1932 aka farfaɗo da ita da wannan sunan. Sharuɗɗan uku ne kuma sai sun haɗu: raunin ya zama daga abokin gaba ya fito, ya kai munin da yake buƙatar likita ya duba, sannan a rubuta wannan jinyar a takardun hukuma. Na farkon da wuya a yi gardama a kansa a irin labarin yayanki, bam ɗin gefen hanya ai ba haɗarin mota ba ne. A na biyu da na uku ne mutane ke faɗuwa, kusan duk wanda na ga an hana a nan aka kama shi.

Kuma don Allah ki cire wa ranki cewa tabon da ke hannunsa zai isa. Na sha ganin mutum ya naɗe hannun riga yana nuna min yana cewa ga shi nan me kuma suke so, ni na yarda da shi, su ma masu duba fayil ɗin watakila a zuciyarsu sun yarda, amma tabo ba ya faɗin ranar da aka ji shi ko wanda ya jawo shi. Haka kuɗin da VA ke biyansa. VA tambayarta ita ce shin ciwon nan a lokacin aikin soja ya same shi, ko a ƙwallo ya karye a bariki za su biya, ita kuwa Purple Heart tambayarta wa ya ji masa kuma wane likita ya gani. Ma'aikatu biyu ne daban, VA ba ta bayar da lamba kuma ba ta gyara DD-214. Takardar VA ɗin za ta shiga cikin hujjoji, tana taimakawa, amma ita kaɗai ba ta kai mutum gaci. Ƙari a kan haka masu gyaran takardun soja suna farawa ne da ɗaukar cewa abin da ke rubuce a fayil daidai ne har sai kai mai ƙorafi ka nuna ba haka ba, ba za su tashi su je su yi maka bincike ba, abin da ka ɗora musu a tebur shi za su duba.

Yanzu a labarin da kika bayar ni rauni biyu nake gani, kuma gara a bi kowanne da hanyarsa. Akwai na hannu, akwai na kai.

Na hannun, matsalarsa kalma ɗaya ce, medik. A idon dokar medik ba likita ba ne, soja ne da aka horar ya tsayar da jini ya ceto rai kafin a kai ga likita. In shi kaɗai ya wanke ya ɗaure aka ce jeka, za su iya cewa ai ƙwarzane ne, ƙwarzane da ƙujewa da ɗan kumburi ba sa cikin abin da ake ba lamba a kansa. Amma akwai ƙofa, dokar ta yarda a karɓi jinyar da ƙwararren ma'aikacin lafiya wanda ba likitan soja ba, kamar mataimakin likita amma ban da medik na fagen daga, ya yi in har wani likitan soja ya rubuta a fayil cewa raunin ya kai a ce likita ne ya duba shi da a ce akwai likita a kusa. Don haka ki tambaye shi da kyau, bayan sun koma sansani an kai shi ɗakin shan magani na bataliya? an yi masa ɗinki? an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta? an ciro ƙarfen ko an bar shi? In har akwai sauran ƙarfe a naman hannun, a je a ɗauki hoton ƙashi, ƙarfe ba ya ɓuya a hoto, kuma hoton da ya nuna ɓarɓashi a daidai wurin da shaidu suka ce ya yi jini ya fi dogon surutu amfani.

Na kan kuma, shi ne wanda mutane ke rainawa alhali wani lokacin ya fi ƙarfi. A 2011 aka fito da bayani dalla-dalla kan girgizar ƙwaƙwalwa, a rundunar ƙasa sharaɗin shi ne ko dai mutum ya suma, ko kuma alamomin ciwon sun sa likita ya hana shi cikakken aiki fiye da awa 48, kuma aka ce waɗanda abin ya same su tun daga 11 ga Satumba 2001 za su iya dawowa a sake duba musu. Kin ce ya suma, to wannan kalmar ita za a nema a rubuce, ko da layi ɗaya ne a takardar asibiti ta lokacin. Kin kuma ce bayan kwana biyu ya koma aiki, a nan sai a yi hankali, kwana biyun nan likita ne ya ce ya kwanta ko sajan ɗinsa ne ya ce ya huta? ba ɗaya ba ne a wurinsu. Sannan ki sani ƙarar kunne da raguwar ji ba sa ciki, PTSD, wato ciwon firgicin da ke bin mutum bayan tashin hankali, ma ba ya ciki, tun 2009 ma'aikatar tsaro ta yanke haka, ni dai ban gamsu da wannan hukuncin ba don na ga abin da yake yi wa mutane, amma haka dokar take, kar ku ɓata shafi kuna jayayya a kansa.

Kar ki ga kamar yayanki ne ya yi sakaci. A 2007 wuta ake yi sosai a Iraki, shekarar da aka ƙara tura dakaru ce, ayari ya fita ya dawo gobe ya sake fita, wanda duk yake iya tsayawa da ƙafarsa kunya yake ji ya je ya ce kaina na ciwo alhali jiya an ɗauke abokinsa a jirgi babu ƙafa. Ga kuma namu halin na dauriya, an taso mu a kan namiji ba ya raki, sai ya haɗu da na soja ya zama biyu. Dokar da ta tilasta a duba duk wanda yake cikin mita 50 daga inda bam ya tashi a kuma ba shi hutun awa 24 sai a 2010 ta fito, kafin nan sai dai in medik ya matsa. Har bayan nan ɗin ma ba a daina samun matsala ba, ki duba harin makamai masu linzami da Iran ta kai sansanin Al Asad ranar 8 ga Janairu 2020, sama da soja 100 aka tabbatar sun samu girgizar ƙwaƙwalwa, a gaban idon duniya aka yi, amma wasu 39 daga cikinsu sai a Disamba 2021 aka amince a ba su lambar. To ina ga direba ɗaya a wata hanya da ba wanda ya san sunanta.

Saboda haka aikin farko ba cike fom ba ne, tara takardu ne, kuma a nan za ku ci yawancin lokacin. Da fom SF-180 ko ta intanet zai nemi cikakken fayil ɗinsa na aiki, ya rubuta cewa duka yake so, in bai faɗa ba sai su turo masa DD-214 da 'yan shafuka su yi shiru. Sai fayil ɗin jinyarsa na soja, sai kuma kwafin fayil ɗin da VA ta tara a kansa lokacin da ya nemi kuɗin nakasa, wannan na ƙarshen yakan ɗau watanni amma sau da yawa a ciki ake tsintar shafukan da shi kansa bai san suna nan ba. Wani abu da mutane ba su sani ba, in an taɓa kwantar da soja a asibiti, takardun kwanciyar ba a cikin fayil ɗinsa ake ajiye su ba, da sunan asibitin da shekarar ake ajiyewa, sai ka faɗi wane asibiti da wane wata sannan a nemo, ko na Balad a Iraki ne ko Landstuhl na Jamus. Za ki ji ana ta maganar gobarar 1973 da ta ci fayiloli miliyan 16 zuwa 18 a ma'ajiyar fayilolin soja ta St. Louis, gaskiya ce amma ta shafi waɗanda suka bar rundunar ƙasa kafin 1960 ne, in wani ya ce miki fayil ɗin wanda ya bar aiki a 2010 ya ƙone a can to bai san abin da yake faɗa ba.

In takardun sun iso ku zauna ku bi su shafi-shafi. Ku nemi SF 600, ita ce takardar da ake rubuta duk zuwan da soja ya yi ɗakin magani, ku duba kwanakin da ke kusa da ranar harin. Ku nemi katin DD 1380 da medik ke cikewa a fili, kodayake yawanci ɓacewa yake yi. Sannan akwai wadda na fi so, DD 2796, tambayoyin lafiya da kowane soja ke amsawa in zai dawo gida, a ciki ana tambayar ko ka ji rauni a wannan tafiyar da irin ciwon da ke damunka. Matsalarta ɗaya, da yawa a'a a'a suka yi ta dannawa don kar a riƙe su a hana su tafiya wurin iyali, in yayanki ma haka ya yi kar ku ɓoye, za su gani, gara ya faɗi dalilinsa da bakinsa a cikin bayaninsa. In an ba shi bajon Combat Action Badge, wanda ake ba sojan da ya yi arangama da abokan gaba, ku nemo odar da aka ba shi da ita, in ranar da ke jiki ta yi daidai da ranar bam ɗin to an gama da sharaɗi na farko. Rahoton harin na bataliya da littafin aikin yau da kullum su ma ana nema ta dokar FOIA ta 'yancin neman bayanan gwamnati, amma kar ku ɗora rai a kai, tun 2012 'yan jarida suka bankaɗo cewa rukunoni da yawa takardunsu na fagen Iraki da Afganistan sun salwanta, wasu an goge kwamfutocin kafin a taho.

Bari in ba ki labarin wani da na taya, ba zan faɗi sunansa ba. Shi ma haka, babu komai a fayil sai layi ɗaya bayan kwana huɗu da harin, an rubuta ciwon kai an ba shi ƙwaya, ko kalmar bam babu. An hana shi a karon farko. Muka zauna na ce ya lissafo min duk wanda ke cikin motar da ta bayansu, ya tuno mutum biyar, biyu sun rasu, ta Facebook ya samo medik ɗin yana aikin jinya a wata jiha. Ashe mutumin yana da irin koren littafin nan mai kauri da kowane sajan ke sokewa a aljihun wando, yana cikin akwati a garejinsa, ya ɗauko ya ɗauki hoton shafin ya turo, ga kwanan wata ga lambar motar ga sunaye uku, a gaban sunan mutumina ya rubuta da biro cewa ya suma kamar minti ɗaya, jini a kunnen dama, har da shatin kofi a gefen shafin. Wallahi da ya buɗe hoton a waya ya daɗe bai ce komai ba. Littafin ba takardar hukuma ba ne, shi kaɗai da bai wadatar ba, amma da aka haɗa shi da rantsuwar medik ɗin da layin ciwon kan nan da bayanin likitan da ya duba shi daga baya, sai labarin ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa nake cewa a nemi mutane tun suna raye kuma tun lambobinsu ba su canza ba.

Shaidu aƙalla biyu ake so, ban da shi, waɗanda suke wurin da kansu. Kuma yadda aka rubuta shaidar yana da muhimmanci fiye da yadda kike zato. Takardar da ta ce shi jarumi ne mutumin kirki ya cancanci lamba, ba ta da wani amfani, ba halinsa ake tambaya ba. Wadda ake so ita ce mai cewa ni wane, muƙamina kaza a rukuni kaza, ranar kaza da misalin ƙarfe kaza muna kan hanya kaza, ina mota ta biyu, na ga abu kaza, da na isa na same shi a yanayi kaza, na ga medik ya yi masa kaza. Kowa ya rubuta da kalmominsa, in ya manta ranar ya ce a cikin watan kaza ne, kar ku rubuta guda ɗaya ku raba musu su sa hannu, masu karantawa sun ga dubbai, da sun ga jimloli iri ɗaya sun gane. A sa hannu a gaban notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu, kowane shaida ya haɗa da abin da ke nuna shi ma yana rukunin a lokacin, kamar nasa DD-214 ɗin. In kuna da imel ko wasiƙar da ya turo gida a satin, ko hoto da bandeji mai kwanan wata, ku saka, ke kanki ki duba tsohon akwatin imel ɗinki.

Sai maganar ƙofar da za a ƙwanƙwasa, a nan ma ana yawan ɓata shekara guda a banza. Kowa ya ji sunan hukumar gyaran takardu ta ABCMR sai ya ruga can, alhali ita sai ka gama bin hanyoyin ƙasa take sauraronka. Ga wanda bai taɓa nema ba, a fara da sashen lambobin yabo na HRC, ofishin kula da ma'aikata na rundunar ƙasa, da ke Fort Knox a jihar Kentaki. A tura musu bayanin abin da ya faru shafi ɗaya, odar turawa Iraki, shaidun nan biyu, takardun jinya, rahoton rauni in an samu, da DD-214. In sun amince za su fitar da oda da satifiket a gyara takardar barin aikin, yawanci da DD-215 wadda ita ce takardar gyara, shikenan ba sai an je hukuma ba. In sun ƙi za su rubuto dalili, wannan wasiƙar ku adana ta da kyau, ita ce tikitin shiga ABCMR kuma ita ce ke gaya muku ramin da za ku cike.

ABCMR da fom DD 149 ake zuwa mata, ba DD 293 ba, shi wancan na masu neman a canza musu nau'in sallama ne. Dokar da ta kafa ta, sashe na 1552 a kundi na 10 na dokokin tarayyar Amurka, ta ce a kawo ƙorafi cikin shekara 3 daga ranar da aka gano kuskuren, ina jin daga nan mai ce muku lokaci ya wuce ya tsinto maganarsa, amma ita dokar dai ta ba hukumar ikon yafe jinkiri in adalci ya buƙaci haka, kuma akwai gurbi a fom ɗin da ake bayanin dalilin jinkirin, kar a bar shi fanko, ya faɗi gaskiya ko da cewa ne bai san yana da haƙƙi ba sai yanzu. Fararen hula ne manyan ma'aikata ke zama, aƙalla mutum uku, kuma kusan kullum a kan takarda suke yanke hukunci ba tare da sun ga fuskar mai ƙorafi ba, don haka fayil ɗin shi ne bakinsa. A gurbin abin da ake nema a rubuta shi a fili, a ba ni Purple Heart saboda raunin ranar kaza a wuri kaza a kuma saka ta a DD-214. A lissafa hujjojin da lamba, a ce sharaɗi na ɗaya ga shafi kaza, na biyu ga shafi kaza, kar a tura musu shafi 400 a dunƙule a ce su nemo da kansu. Kwafi ake turawa, na asali ya zauna a gida.

Wani lokacin hukumar kan nemi ra'ayin likitocinta ko na HRC, in ra'ayin ya zo za a turo masa kwafi a ba shi 'yan kwanaki ya mayar da martani, to wannan wasiƙar kar ta kwana a kan firij, da yawa a nan suke sakaci har lokacin ya wuce a yanke hukunci da ra'ayin da ba a ƙalubalanta ba. In ya canza gida ya sanar da su. Batun jira kuwa, doka ta ce su gama kashi 90 cikin 100 na ƙorafe-ƙorafe a wata 10, duka kuma a wata 18, a aikace dai ku shirya wa fiye da shekara. Kafin ku tura ina ba ki shawara ki shiga rumbun hukunce-hukuncen da suka gabata, suna nan a intanet an goge sunaye, ki karanta goma na Purple Heart, biyar da aka ba biyar da aka hana, za ki ga da kanki yadda suke tunani fiye da duk abin da zan gaya miki. Ga masu karatu da nasu ba rundunar ƙasa ba ne, sojan ruwa da Marin tasu hukumar BCNR ce, sojan sama ma da tasu, fom ɗin dai DD 149 ne duka.

In an hana a can ma ba a rufe ƙofa ba, ana neman a sake dubawa amma sai da sabuwar hujja da ba su gani ba, maimaita tsohuwar magana da babbar murya ba ya canza komai. Bayan nan sai kotun tarayya, akwai wa'adin shekara 6, kuma a nan kam sai da lauya, wasu makarantun koyon lauya suna da ofishin taimakon tsofaffin sojoji kyauta. Ɗan majalisar yankinsa ma ana iya zuwa ofishinsa, zai sa hannu a takardar izini su tambaya a madadinsa, yana sa a amsa da wuri ko a nemo takardar da ta maƙale, amma ɗan majalisa ba ya ba hukumar umarni, kar a yaudare ku da wannan.

Akwai abin da ban ji kin ambata ba kuma shi ya fi damuna, shi yayan naki yana so? Tunda yana raye kuma da hankalinsa shi ne zai sa hannu, ke ba ki da ikon nema a madadinsa, sai in mutum ya rasu ko ba ya iya kula da kansa ne mata ko magaji ke nema da hujja. Kuma wannan aikin zai sa ya koma ranar nan ya zauna a cikinta, ya rubuta ta, ya kira mutanen da watakila ya shekara goma yana gudun jin muryarsu, wani zai ce miki shi ba ya son lamba a kan ciwon da bai kai na wanda ya mutu a gefensa ba. Ki same shi a natse, ba a gaban mutane ba, in ya ce a bari a bari tukunna, takardun dai a nema a ajiye. In ya yarda kuma, a rubuta abin da ya faru daidai yadda ya faru, in suman na daƙiƙu ne kar a mai da shi minti goma, fom ɗin rantsuwa ce, kuma tun 2013 akwai dokar da ta mai da ƙaryar samun wannan lambar don cin wata moriya laifi.

Moriyar kuwa akwai ta, kodayake ba albashi ake biya a kanta ba kamar yadda wasu ke zato. Tana sa shi aƙalla a rukuni na 3 na fifiko wajen samun kulawa a asibitocin VA, tana ba shi maki 10 na fifiko in yana neman aikin gwamnatin tarayya, wanda ya same ta a kan raunin bayan 11 ga Satumba 2001 yana samun tallafin karatu na GI Bill cikakke ko nawa ne tsawon aikinsa, VA na gaggauta duba buƙatunsa, jihohi kuma kowacce da nata, wasu lambar mota ta musamman wasu sassaucin kuɗin makaranta, sai ku duba ta inda yake zaune.

Mai neman dala 2,000 ɗin nan ki tambaye shi abu ɗaya, yana da rajistar wakilci da VA? in ya fara kame-kame ki rabu da shi. Ku je ofishin tsofaffin sojoji na ƙaramar hukumar da yake, ko ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV ko VFW ko American Legion, ko sisi ba za su karɓa ba. A wannan satin dai a tura SF-180, shi kuma ya ɗauki takarda ya rubuta sunan duk wanda ya tuna yana cikin ayarin ranar, ya fara da medik ɗin. In takardun sun iso ki dawo ki faɗa min abin da aka rubuta a SF 600 na satin harin, ki rufe lambarsa ta Social Security da ranar haihuwa kafin ki turo hoton.